Wane zare ya fi dacewa a toshe jijiyar ƙwaƙwalwar ɓera da shi?

Wani ɗalibin digiri na biyu a fannin ilimin magunguna ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina so in gwada ko ruwan ganyen wata bishiya zai rage ɓarnar da shanyewar jiki ke yi wa ƙwaƙwalwa. Malamin da ke duba aikina ya ce in bi hanyar zura zare a jijiyar ɓera. Na karanta takardu har na rikice. Wasu zaren nailan suke ƙona wa baki, wasu suna shafa masa silikon, wasu foli-layisin, har na ga masu amfani da jan farce. Wanne ya fi? Kuɗin bincikena ba su taka kara sun karya ba, ɓerayen da za a ba ni kuma ba su wuce arba'in ba."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Amsar a taƙaice ita ce zaren nailan mai lamba 4-0 wanda aka lulluɓe bakinsa da silikon, kuma kaurin bakin ya dace da nauyin ɓeran da ke gabanka. Amma idan na bar ka da wannan kaɗai na cuce ka, domin za ka iya sayen zare mafi tsada a duniya ka ƙare da sakamakon da ba ya karantuwa. Sai ka fahimci aikin da zaren ke yi a ciki kafin ka gane dalilin da wani ya fi wani.

Babbar jijiyar jini ta wuya, wadda likitoci ke kira karotid, tana rabuwa gida biyu: reshen waje da ke shayar da fuska, harshe da tsokar tauna, da reshen ciki da ke shiga ƙoƙon kai. Can ciki, reshen nan yana sake rabuwa zuwa jijiyar gaba da jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ta tsakiyar ce abin nema, don ita ce aka fi samu a toshe a jikin mutanen da ɓarin jikinsu ya shanye. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zaren ba ya shiga cikin jijiyar tsakiyar. Wucewa yake yi ta bakin ƙofarta, kansa ya cusu a farkon jijiyar gaba, jikinsa kuma ya tare mashigar ta tsakiya. A ɓera mai nauyin giram 300 ko kusa da haka, tafiyar takan kai milimita 17 zuwa 20 daga mararrabar wuya. Ke nan aikin zaren aikin toshiya ne, irin yadda ake cusa tsumma a bakin tulu. Idan toshiyar ta yi siriri, jini ya bi ta gefe. Idan ta yi kauri, ta maƙale tun kafin ta isa. Idan ta yi tauri da tsini, ta huda jijiyar. Duk gardamar da ka karanta a takardu a kan waɗannan abubuwa uku take.

Kafin zuwan zare, fasa ƙoƙon kai ake yi. Tamura da abokan aikinsa a Gilasgo sun bayyana hanyarsu a 1981: a huda ƙashi ta gefen kai, a ga jijiyar da ido, a ƙone ta da wutar lantarki. Hanya ce mai kyau har gobe, sai dai jijiyar da aka ƙone ba ta sake buɗewa, ga kuma an taɓa ƙwaƙwalwar kanta. A 1986 Koizumi da mutanensa a Jafan suka fito da dabarar bi ta cikin jijiya da zaren da aka shafa wa silikon, suna shigar da shi ta babbar jijiyar wuya. A 1989 kuma Zea Longa da abokansa a San Faransisko suka wallafa tasu: nailan 4-0 zalla, an kusantar da bakinsa ga wuta har ya dunƙule, ana shigar da shi ta kututturen reshen waje. Takardar Longa ta fi yaɗuwa, wataƙila don da Turanci take a mujallar da kowa ke karantawa, ta Koizumi kuwa da Jafananci aka fara buga ta. Shi ya sa zaren ƙonawa ya zama ruwan dare, ba don an gwada an ga ya fi ba.

To, mu fara da shi, tunda shi ne mai araha kuma na san shi zuciyarka ke so. Ana yanke zare, a kusantar da shi ga kyandir ko ƙarfe mai zafi, bakin ya narke ya zama ɗan ƙwallo. Matsalarsa ta farko, ba za ka taɓa yin ƙwallo biyu iri ɗaya ba. Sa goma a ƙarƙashin madubin awo ka gani: wani kamar ƙwai, wani kamar lema, wani ya karkace gefe guda, wani da ɗan tsini a ka. Ta biyu, ƙwallon ne kaɗai mai kauri, jikin zaren da ke bayansa siriri ne. A ma'aunin zaren tiyata, lamba 4-0 na nufin kauri tsakanin milimita 0.15 da 0.199, lamba 3-0 kuma tsakanin 0.20 da 0.249. Tunda jikin zaren ne ke tsaye a bakin jijiyar tsakiya, ba ƙwallon ba, jini yakan sami ɓarauniyar hanya ya zagaye shi, musamman wanda ke zuwa daga baya ta da'irar jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa. Sai ka tarar ɓera ɗaya ya sami babban rauni, na kusa da shi ɗan tabo, na uku ko alama babu. Ta uku ita ce mafi muni: nailan narkakke idan ya huce tauri ne da shi, idan ka ƙara tura shi milimita ɗaya fiye da kima sai ya ɓula jijiyar gaba, jini ya malale tsakanin ƙwaƙwalwa da mayafinta. Irin wannan ɓeran yakan mutu cikin dare, ko ya rayu ya ɓata maka lissafi, don abin da ke damunsa ba shi ne abin da kake nazari ba.

Kada ka ɗauka ma duk zaren da aka rubuta wa 4-0 ɗaya ne. Kuge da abokansa a Jafan sun nuna a 1995 cewa nailan na kamfanoni biyu, dukkansu 4-0, sun ba da girman rauni mabambanci. Ka ga tazarar da ke tsakanin 0.15 da 0.199 ba ƙarama ba ce ga jijiyar da faɗinta bai kai rabin milimita ba, ban da bambancin tauri da laushi. Wannan ya sa nake jin haushi idan na karanta kundin ɗalibi na ga ya rubuta "an yi amfani da zaren nailan" ya wuce. Na wane kamfani? Kaurin bakinsa nawa?

Silikon yana gyara kusan duk waɗannan. Yana ba ka toshiya doguwa mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba ƙwallo guda ba, don haka yana cika jijiyar a daidai wurin da ake so. Yana da laushi, yana lanƙwasa ya bi kwanar da jijiyar ke yi a gindin ƙoƙon kai maimakon ya soke ta. Kuma ana iya auna shi, wanda a ganina shi ne babbar falalarsa. Tun 1993 Laing da abokansa a Ingila suka gwada hanyar Koizumi da ta Longa gefe da gefe, suka tarar ta Koizumi ta fi toshe jijiyar yadda ya kamata. A 1998 Schmid-Elsaesser da ƙungiyarsa a Munik ta Jamus suka sa na'urar lesa mai auna gudun jini a kan ɓerayen yayin aikin, suka ga zubar jini ta fi yawa nesa ba kusa ba da zaren da ba a lulluɓe ba. Shimamura da abokansa a 2006, da Bouley da abokansa a 2007 waɗanda suka yi amfani da hoton maganaɗisu, wato MRI, duk sun kwatanta lulluɓaɓɓe da tsirara, kuma alƙiblarsu ɗaya: lulluɓaɓɓen ya fi rage jini, sakamakonsa ya fi daidaito. Daga baya, a 2013, Ström da abokansa a Suwidin suka tattara ɗaruruwan takardun da aka yi a kan ɓeraye, suka duba me ke kawo bambancin girman rauni tsakanin ɓera da ɓera. Zare mai silikon da ɓera jinsin Wistar su ne suka fito da mafi ƙarancin bambanci.

Bari in tsaya a kan wannan kalma ta bambanci, don ita ce zuciyar maganar, kuma ita ta shafi ɓerayenka arba'in. Ɗalibai kan ɗauka zaren da ya fi shi ne wanda ya fi haddasa babban rauni. A'a. Wanda ya fi shi ne wanda idan ka yi wa ɓeraye goma aiki, raunukan za su fito kamar 'yan gida ɗaya. Dalili kuwa lissafi ne: yawan dabbobin da kake buƙata yana hawa ne da murabba'in watsuwar sakamakonka. Idan watsuwar ta ninka biyu, ɓerayen da kake buƙata sun ninka huɗu. Wato aikin da ɓeraye goma za su yi maka a kowace ƙungiya da zare mai kyau, sai arba'in za su yi shi da zare marar tabbas. Ka lissafa kuɗin ɓera, abincinsa, maganin barcinsa da watannin da za ka ɓata, ka ga araha ba ta ado. Akwai kuma haƙƙin dabbar. Duk ɓeran da ka yanka wa wuya bai ba ka bayani mai amfani ba, wahalar banza ka ba shi, kuma rage yawan dabbobin gwaji na cikin ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka shimfiɗa tun 1959, waɗanda kwamitin ɗa'a na jami'arku zai tambaye ka a kansu.

Foli-layisin fa? Belayev da abokansa a Mayami suka fito da shi a 1996. Ana tsoma zaren 3-0 da aka dunƙule wa baki a ruwan sinadarin, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 60 na awa ɗaya. Ba ya ƙara wa zaren kauri. Hikimarsa ita ce sinadarin na ɗauke da cajin lantarki mai jan shimfiɗar cikin jijiya, sai zaren ya manne da bango, jini ya kasa ratsawa. A hannunsu ya ba da rauni babba mai daidaito, kuma wasu ɗakunan bincike har yau da shi suke aiki. Amma ka tuna a ƙarƙashin shafin nan taurin nailan na nan, haɗarin hudawa bai tafi ba, kuma abin da ya manne da bango yakan kankare bangon idan aka zo janye shi. Spratt da abokansa a Ostareliya sun kwatanta shi da silikon a 2006, a ɓeraye matasa da tsofaffi, silikon ya fi haddasa shanyewar kuma ya fi rage mace-mace. Ga wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ba na ba da shawarar foli-layisin.

Su jan farce, kakin kyandir, gam da zaren fatsa, duk an yi amfani da su kuma an wallafa, ba ƙarya ka gani ba. Zaren fatsa nailan ne shi ma, idan ka auna kaurinsa ka tsabtace shi ba shi da laifi a matsayin gangar jiki. Abin da ake shafa masa ne abin dubawa. Jan farce idan ya bushe ƙanƙara yake zama, kuma yakan ɓare. Na taɓa janye zare na ga bakinsa fayau, jan farcen ya zauna a ciki. Ɓeran da na rubuta a littafi cewa an buɗe masa jijiya bayan minti 90, ashe toshewar dindindin ya samu. Tun ranar nake duba bakin kowane zare bayan na fitar da shi, kai ma ka riƙe wannan al'ada ko da silikon kake aiki. Kaki yana da santsi, yana shiga da sauƙi, sai dai zafin jiki na tausasa shi, kuma ban yarda da abin da zai iya gutsurewa a cikin jijiya ba.

Yanzu batun girma. Kamfanin Doccol a Amurka shi ne aka fi sani da sayar da zaren da aka riga aka lulluɓe, kuma suna jera shi bisa kaurin baki da tsawon lulluɓi, kamar milimita 0.35, 0.37, 0.39 da 0.41. Ɓeran da ke tsakanin giram 250 da 300 yawanci 0.35 zuwa 0.39 ke dacewa da shi. A nan sai ka yi hattara, domin ɓerayen Wistar da ake samu a gidajen dabbobi na jami'o'inmu sau da yawa ba su kai wannan nauyi ba, za ka ga ana aiki da masu giram 150 zuwa 200. Idan ka kwafi lambar zare daga takardar da aka yi da ƙosassun ɓeraye masu giram 320, zai maƙale maka a gindin ƙoƙon kai, ka ji turjiya ka ɗauka ka iso alhali da saura. Ko dai ka yi kiwonsu su kai nauyi, ko ka rage kaurin baki da zurfin turawa. Kuma ka matse tazarar nauyin: kada ƙaraminsu da babbansu su bambanta da fiye da giram talatin ko arba'in.

Tsawon lulluɓin shi ma magana ce, kuma an fi mantawa da ita. Doguwar toshiya, milimita biyar zuwa shida, tana ba da rauni babba tabbatacce, amma ba jijiyar tsakiya kaɗai take tarewa ba. Tana rufe ƙananan rassan da ke fita daga reshen ciki kafin mararraba, har da wanda ke shayar da haifotalamas, wato sashen da ke daidaita zafin jiki. Zhao da abokansa a Lund ta Suwidin sun nuna a 1994 cewa toshewa da zare na jawo zazzaɓi, kuma an fi ganin haka idan toshewar ta kai awa biyu ko ta wuce, inda zafin jiki kan haura digiri 39. Zazzaɓi kuwa ƙara girman rauni yake yi. Ka ga inda wannan ya shafe ka kai tsaye: da yawa daga cikin ganyayen da ake gwadawa suna saukar da zazzaɓi. Idan ruwan ganyenka ya rage rauni, ta yaya za ka san ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya kare, ko jiki kawai ya sanyaya? Sai idan ka auna zafin dubura lokacin aiki da sa'o'in da suka biyo baya, a duk ƙungiyoyin. Gajeren lulluɓi, milimita biyu zuwa uku, yana rage wannan matsala, amma yana buƙatar ka ajiye shi daidai wurin. Ni da zan zaɓa maka, sai in ce matsakaici, uku zuwa huɗu, da toshewar minti 60 ko 90. A ɗakin aikin da ba na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu, ga wutar lantarki da ke zuwa ta tafi, ɓera mai barci na iya yin zafi fiye da kima da rana ya kuma yi sanyi da asuba. Ma'aunin zafi da ɗan bargo sun fi wani zaren tsada amfani a nan.

Idan kuɗin sayen na kamfani sun gagara, kana iya yin naka, kuma ba abin kunya ba ne. Kada dai ka tsoma zare cikin silikon ka ciro, wannan zai ba ka irin rashin daidaiton zaren ƙonawa. Yi masa ma'auni. Ana samun siririn bututun leda na ɗakin gwaji, PE-10 mai faɗin ciki 0.28, da PE-20 mai 0.38. Ka cika ɗan guntunsa da silikon, irin wanda likitocin haƙori ke ɗaukar siffar haƙora da shi, ka zura zaren a tsakiya, ka bar shi ya daskare sarai, sannan ka tsaga bututun da reza ka zare. Ɗan kankare bakin zaren kafin ka fara, don silikon ya kama. Silikon na masu haɗa gilashi, mai warin tsami, idan shi kaɗai ka samu to sai ya bushe har warin ya tafi gaba ɗaya. Bayan haka ka auna kowane ɗaya da madubin awo, ka ja bakin da yatsa ka ga ko zai saɓule, ka zubar da duk wanda ya kauce. Za ka zubar da da yawa, haka abin yake. Ka ɗiga alama da alƙalami marar gogewa a milimita 18 ko inda gwajinka ya nuna, don ka san zurfin da ka kai.

Amma fa ko zaren silikon ba ya hana kuskure. A aikin Munik ɗin nan da na ambata, na'urar lesa ta tona wani asiri: a ɓeraye da dama jini yakan dawo da kansa tun zaren na ciki, ko da mai silikon ne, saboda ya ɗan zame ko jijiyar ta saki. Wanda ba shi da na'ura ba zai taɓa sani ba. A ƙa'ida ana so a ga gudun jini ya faɗi da kashi 70 cikin ɗari ko fiye, ya zauna a haka, sannan ya dawo idan an janye. Na san da wuya ka sami wannan na'ura. Madadinta shi ne ka ɗaure zaren da kyau a kututturen, ka farkar da ɓeran yayin toshewar ka duba shi. Idan ka ɗaga shi ta jela, ƙafar gaba ta ɗaya ɓarin za ta lanƙwashe, idan ka ajiye shi ya riƙa kewaya gefe guda. Ma'aunin Longa daga 0 zuwa 4 da na Bederson na 1986 duk a kan wannan suke. Ka rubuta tun kafin ka fara cewa ɓeran da bai nuna alama ba, ko wanda aka tarar da jini a gindin ƙwaƙwalwarsa, za a cire shi daga lissafi, kuma ka faɗi adadinsu a kundinka. Wanda ke yanke hukuncin cirewa kada ya san wace ƙungiya ɓeran yake.

Hanyar shiga ma tana da nata tasiri, ko da zaren iri ɗaya ne. Idan ka bi ta babbar jijiyar wuya irin ta Koizumi, ya fi sauƙi da sauri, amma ɗaure ta za ka yi har abada, jinin da zai dawo sai ya zagayo ta ɗaya gefen. Idan ka bi ta reshen waje irin ta Longa, jini na dawowa ta hanyarsa ta asali, wanda ya fi dacewa da mai nazarin ɓarnar da dawowar jini ke yi, sai dai yanke reshen waje na cutar da tsokar tauna da haɗiya. Dittmar da abokansa a Jamus sun nuna hakan a 2003: ɓerayen ba sa cin abinci sosai, suna ramewa. Don haka ka jiƙa musu abinci ka ajiye a ƙasan keji, ka yi musu allurar ruwan gishiri a ƙarƙashin fata, ka ba su maganin ciwo kamar yadda likitan dabbobi ya tsara. Yau da yawa haɗa biyun suke yi, zaren Koizumi ta ƙofar Longa, ni ma ita nake bi. Ka kula da wani reshe da ke ɓallewa daga reshen ciki kafin ya shiga ƙoƙon kai. Zare na son faɗawa cikinsa, idan ka ji ya tsaya cak tun bai yi nisa ba, to can ya shiga, ja baya ka sauya kwana.

Akwai hanyoyin da ba zare a cikinsu, kuma ya kamata ka san da su ko don ranar kare kundi. Ana allurar daskararren jini ta bututu, ita ce mafi kama da abin da ke faruwa da mutum, kuma ita ta dace da gwajin magungunan narkar da gudan jini irin su altefles, amma bambancinta da mace-macenta sun fi ƙarfin ɓeraye arba'in. Akwai ta Watson ta 1985, inda ake allurar rinin Rose Bengal a haska koren haske ta ƙoƙon kai, raunin ya fito ƙarami tsaf a ɓawon ƙwaƙwalwa, amma kusan ba ta barin yankin nan na gefe mai rai a hannun Allah wanda magani ke ƙoƙarin cetowa. Akwai sinadarin endotelin mai matse jijiya, akwai ƙananan duwatsun roba ko na ƙarfe da ake turawa su toshe har abada. Wadda nake so in ja kunnenka a kanta ita ce matse manyan jijiyoyin wuya biyu na ɗan lokaci, wadda ta yi yawa a takardun da ke fitowa daga jami'o'inmu saboda sauƙinta. Tana da amfaninta, amma ragin jini ne ga ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma a ɓera jijiyoyin bayan wuya na ci gaba da kai jini. Ba toshewar jijiya ɗaya ba ce, kada ka bari wani ya ce maka duk ɗaya ne.

Wani abu kuma da zare ba zai gyara maka ba. O'Collins da abokansa sun ƙirga a 2006 cewa an gwada magunguna 1,026 a kan shanyewar jiki a ɗakunan bincike, amma abin da ya tabbata a gadon asibiti bai taka kara ya karya ba. Cikin dalilan akwai cewa ana gwaji a kan samarin ɓeraye maza masu ƙoshin lafiya, alhali majinyatan tsofaffi ne masu wasu cututtuka. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar jiki a wurinmu. Ba na cewa ka nemo ɓeraye masu hawan jini a digiri na biyu, kuɗinka ba za su kai ba. Amma ka rubuta a fili cewa naka lafiyayyu ne, kuma idan ka ba da ruwan ganyen kwanaki kafin toshewa, to rigakafi ka gwada, ba magani ba. Jinsi ma ka faɗe shi, don matan ɓeraye masu ƙuruciya raunin su yakan fi na maza ƙanƙanta.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba arba'in ɗin. Kafin in taɓa mai rai ko ɗaya, zan roƙi gawarwakin ɓerayen da wasu ɗalibai suka gama aiki da su, in buɗe ƙoƙon kai, in zura zaren ina kallon inda bakinsa ya tsaya ta ƙasan ƙwaƙwalwa. Nan za ka gane kauri da zurfin da suka dace da ɓerayen gidanku, gani ya kori ji. Sannan in ware shida ko takwas na gwajin share fage, ba magani, zare iri ɗaya, minti 90. Bayan awa 24 a yanka ƙwaƙwalwa fala-fala kaurin milimita biyu, a jiƙa a ruwan rinin da ake kira TTC mai kashi 2 cikin ɗari a zafin digiri 37. Nama mai rai zai yi ja, matacce ya tsaya fari. Ka gyara lissafin saboda kumburi, ta hanyar auna lafiyayyen nama a ɓarin da ya ji ciwo ka cire shi daga ɗaya ɓarin, kamar yadda Swanson ya bayyana a 1990. Idan fararen wuraren sun yi kama da juna, ka ci gaba da sauran ɓerayen, kuma ka taƙaita ƙungiyoyinka zuwa uku: ta tiyatar bogi, wato a yanka wuya ba a toshe jijiyar ba, mai 'yan kaɗan, ta toshewa ba magani, da ta magani a awo ɗaya tak. Idan kuwa biyu sun fito da babban rauni, uku da ɗigo, ɗaya ya mutu, to ka koma kan madubin awo ka sake duba bakin zarenka, ka ɗauki hotunan yankakkun ka kai wa malaminka ku zauna a kansu kafin ka taɓa ɓera na gaba.